Wa Ya Gina "Ginin Turawa"? Bin Sawun Tsofaffin Katunan Hoto

Tsofaffin hotunan nan masu launin ƙasa-ƙasa sun dawo yayi. Ana tura su ta WhatsApp, ana liƙa su a Facebook, har akwai masu sake buga su manya-manya su sa a firam su sayar wa masu otal da masu ƙawata falo. Ƙofar gari, kasuwar Kurmi, fadar sarki, tashar jirgin ƙasa, gidan Razdan, kotu, makaranta. Da yawa daga cikinsu asalinsu katunan gidan waya ne, irin wanda Bature ma'aikacin gwamnati ko na kanti yakan saya, ya rubuta 'yan layuka a baya, ya manna kan sarki ya aika gida. Maganar da ta fi fitowa daga bakin mutanenmu idan sun ga gini a irin wannan kati ita ce: ai ginin Turawa ke nan, shi ya sa ya yi ƙarko.

To amma mai ido ya sake dubawa. Ga zanko a kusurwar rufi. Ga indararo ya leƙo daga rawanin soro. Katanga ta yi kauri a gindi tana sirancewa zuwa sama, ƙofa kuma an lanƙwasa mata baka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zo a jirgin ruwa daga Ingila. Me ya sa mutanen da suka ci Kano da Sakkwato da bindiga mai ruwa a 1903, suke kuma ganin kansu sama da kowa, za su zauna su yi mulki a cikin soron ƙasa irin na attajirin Hausa? Wa ya ɗora tubalin, kuma da kuɗin wa?

Katin kansa ne shaida na farko, sai dai bayansa ya fi fuskarsa magana. A Ingila sai a 1902 aka yarda a raba bayan kati biyu, gefe ɗaya na adireshi, ɗaya na saƙo. Kafin nan bayan duka na adireshi ne, saƙo a gefen hoton ake cusa shi. Ƙasashen ƙungiyar gidajen waya ta duniya sun bi sahu bayan taronsu na birnin Rum a 1906. Ke nan layin nan guda da ya ratsa bayan kati ya isa ya ware shekaru. Sai kan sarki. Daga 1900 Arewa tana da nata kan sarki mai ɗauke da sunan Nijeriya ta Arewa, har zuwa haɗewarta da Kudu a 1914. Fuskar da ke kai ma kalanda ce: Sarki Edward na Bakwai ya mutu a 1910, George na Biyar a 1936, George na Shida a 1952. Hatimin gidan waya yana ba da rana da gari. Amma a nan ne masu gaggawa kan zame, domin ranar hatimi ranar aikawa ce, ba ranar ɗaukar hoto ba. Masu buga kati sukan yi shekaru suna maimaita hoto ɗaya, wani lokaci har su canja rubutun da ke ƙasansa.

Launin ma abin tuhuma ne. Kafin yaƙin duniya na 1914 an fi buga irin waɗannan katuna a Jamus, kuma hoton baƙi da fari ne yake isa wurin mabugi. Wani ma'aikaci da bai taɓa taka Afirka ba shi zai zaɓi shuɗin sama da jan katanga. Saboda haka wanda ke son sanin ko an shafe bangon wata kotu da farar ƙasa ko da makuba, kada ya dogara da fentin kati.

A ƙasan kati ko a gefensa za ka ga sunan wanda ya buga: kantin littattafai na mishan ɗin C.M.S. a Ikko, ko wani kamfanin Landan irin su Raphael Tuck, wanda ya yi suna da katunan da ake zanawa da fenti. Wani lokaci har da sunan mai hoto, kuma ba kullum Bature ba ne. George Da Costa, mutumin Ikko, ya riƙe kantin C.M.S. shekaru kafin ya koma sana'ar hoto a 1895, kuma ya ɗauki hotunan aikin shimfiɗa layin dogo. Da a ce ma'ajiyar kamfanin Tuck tana nan, da an warware rigingimu da yawa game da wane hoto ne na wane gari. Sai dai a daren 29 ga Disamba 1940 jiragen Jamus suka yi wa Landan ruwan bama-bamai, gidan kamfanin ya ƙone da zane-zanensa na asali da takardunsa. Abin da ya tsira shi ne abin da aka riga aka aika wa mutane.

Kati ya faɗi mabugi, ya faɗi gari, wani lokaci ya faɗi gwamnan da ya buɗe gini. Suna ɗaya ne ba ya kawowa: na magini.

Akwai wani abu kuma da duk mai tara katunan nan yake lura da shi. Na Ikko da Kalaba sun fi yawa, sai Kano da Zariya da Jos da Kaduna. Na Katsina kaɗan ne, garuruwan hakimai irin su Kurfi da Dutsin-Ma kuwa ba su shiga wannan kasuwa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kati haja ce, kuma ana kai haja inda mai saye yake. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya zo da kantuna da akawuna da 'yan mishan da masu yawon buɗe ido. Reshen da ya tashi daga Zariya a ƙarshen shekarun 1920 ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda. Birnin Katsina bai ga jirgi ba har Turawa suka tafi. Wannan layin dogon da ya hana Katsina katuna, shi ne kuma zai ba mu rabin amsar tambayarmu.

Amsar da aka fi ji ita ce wai Turawa sun ƙaunaci al'adunmu, ko kuma tsarinsu na mulki ta hannun sarakuna ne ya sa suka guji canja kamannin gari. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, ya zauna a gidan ƙasa da har yau ake kira Gidan Ɗan Hausa, kuma da gangan ya tsara karatun yadda yara ba za su fita daga shigarsu da harshensu ba. Lokacin da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a watan Maris na 1922, an zaɓi garin ne saboda tsohon sunansa na ilimi da kuma nisansa da hayaniyar garuruwan jirgi. Makarantar da ake so ta fitar da malamai masu biyayya ga sarakuna, ba mamaki a so ta yi kama da garin da take ciki.

Amma wannan amsa ba ta tsayuwa da ƙafafunta idan aka kai ta Kaduna. A can, inda aka mayar da hedikwata daga Zungeru a 1917, babu sarkin da za a ji kunyarsa, ga kuma jirgi a bakin ƙofa. Me suka gina? Jan bulo da siminti da rufin kwano. Haka tashoshin jirgi, haka gidajen ma'aikatan reluwe. Duk inda kaya za su iso da araha, ƙaunar soro takan yi sanyi. Ni dai ban ga ƙauna a nan ba, lissafi na gani.

Gwamnatin Arewa ta farko matalauciya ce. Harajinta bai isa ya riƙe ta ba, kowace shekara sai baitulmalin Ingila ya cika mata da ɗaruruwan dubban fam, kuma wannan gibi yana cikin manyan dalilan haɗe ta da Kudu a 1914. Siminti kuwa ba a yin sa a ƙasar nan. Masana'antar farko ta Nkalagu sai a 1957 ta fara aiki, ta Sakkwato kuma sai bayan samun 'yanci. Kafin nan a ganga yake zuwa daga Turai, a sauke a Ikko, a loda a jirgi, a sauke a Kano, sannan a nemi raƙumi ko jaki ko kan mutum, daga baya motar lori, a yi tafiyar mil ɗari zuwa Katsina. Kwano da ƙusa da gilashi duk hanyarsu ke nan. A gefe guda ga ƙasar gini a bayan gari, ga giginya a fadama, ga ɗorawa a gona, ga magina da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, ga kuma sarki da zai iya tara ɗaruruwan hannaye da aike ɗaya. Razdan da aka ba shi 'yan fam kaɗan ya gina ofis ba ya bukatar dogon tunani.

A Kano ma da farko ba su gina komai ba. Bayan sun shiga birni a watan Fabrairu 1903, Gidan Makama suka mayar ofis, gidan da tarihi ke dangantawa da Muhammadu Rumfa tun ƙarni na 15.

Labarin Katsina ya fi kowanne nuna yadda gini da mulki suka cuɗe. Gwamna Lugard ya shigo ta Ƙofar 'Yanɗaka a 1903 ba tare da an yi yaƙi ba. Ba a jima ba aka tuɓe Sarki Abubakar aka naɗa Yero. A watan Fabrairu 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka kashe Turawa uku da sojoji da dama, tsoro ya kama kowane bariki a Arewa. Labarin da masana tarihin Katsina ke kawowa shi ne, Baturen da ke riƙe da garin, H. R. Palmer, ya nemi a gina masa mafaka mai ganuwa cikin gaggawa, Sarki Yero ya yi jan ƙafa, Durɓi Muhammadu Dikko kuma ya tara mutane ya kammala aikin. Kafin shekarar ta fita an tuɓe Yero, sarauta ta bar gidan Dallazawa ta koma hannun Dikko Basulluɓe, wanda ya yi mulki har 1944. Ba ginin ne kaɗai ya jawo haka ba, akwai tsohuwar rashin jituwa tsakanin Yero da Turawa. Amma abin lura shi ne, tun a aikin farko, abin da Bature ke nema a wurin basarake shi ne ikon tara leburori da ƙasa da azara.

Bayan 'yan shekaru Palmer da Dikko suka kafa Baitulmali a Katsina, tsarin da daga baya aka yaɗa shi zuwa sauran masarautu. Haraji da jangali suna shiga asusu ɗaya, gwamnati ta ɗauki rabi, En'e, wato hukumar sarki, ta riƙe rabi, daga baya aka ƙara wa manyan En'e kaso. Daga wannan kaso ake biyan sarki da hakimai da alƙalai albashi, daga nan kuma ake gina ofishin Baitulmalin kansa, da kotun alƙali, da gidan yari, da ɗakin shan magani, da makarantar elementare, da rumfunan kasuwa. Wato yawancin abin da muke kira ginin Turawa a cikin birni da garuruwan hakimai, a takarda ma ba na gwamnatin Turawa ba ne. Na En'e ne.

A nan ne ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma, inda garin Tamawa yake, ta shigo labarin, ko da yake kyamara ba ta je can ba. Turawa sun tilasta wa hakimai barin birni su tare a gundumominsu, domin a ƙirga kawuna a tara haraji a kusa. Har yau 'Yanɗakan Katsina ne hakimin Dutsin-Ma, Maraɗin Katsina kuma na Kurfi. Kuɗin da mai unguwa ya karɓa ya miƙa wa dagaci, dagaci ya miƙa wa hakimi, shi ne yake zama albashin magini a birni. Ba kuɗi kaɗai ƙauye ke bayarwa ba. A kowane garin hakimi akwai barikin da Di'o ke sauka idan ya fito rangadi, kuma mutanen ƙasar ne ke gina shi, su yi masa yaɓe, su sabunta masa jinka. Su ne ke share hanya bayan damina, su ne ke dakon kayan Bature daga wannan zango zuwa wancan. Wannan ba aikin gayya ba ne, inda mutum ke zuwa don zumunci ya ci tuwo ya koma. Aikin tilas ne, wanda ya ƙi kuma dogari na nan. Sai bayan yarjejeniyar Janiba ta 1930 kan aikin tilas aka yi dokar taƙaita shi a Nijeriya a 1933, kuma ko ita ba ta hana ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos ba a lokacin yaƙin Hitila.

Yanzu a koma ga ginin kansa, domin shi ne shaidar da ba ta ƙonewa a Landan. Maginin Hausa yana aiki da tubali, curin ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa aka mulmula da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Ana jera shi a tsaye, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a bar layi ya sha iska kafin a ɗora wani. Shi ya sa katanga ke fara da kauri ta ƙare da siranta. Rufi kuma na azara ne, tsagin itacen giginya, wanda gara ba ta cika damunsa ba. Amma azara tana da iyaka: idan aka ɗora mata nauyin ƙasa, tazarar da take iya ɗauka ba tare da ta lanƙwashe ba ba ta wuce kamar ƙafa shida. Duk fasahar soro daga wannan iyaka ta tsiro. Magini yakan fito da azara daga bango hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure su, a lulluɓe da ƙasa, har su haɗu a tsakiya su zama baka. Bakuna su gitta juna, a shimfiɗa gajerun azara a tsakaninsu, sai ga ɗaki mai faɗi babu ginshiƙi ko ɗaya. Daga waje a shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, rufi kuma a dalaye shi da laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara, don kada ruwa ya ratsa.

Babu makarantar injiniya a Ingila da ke koyar da wannan. Hasali ma karatun ta ɗaya gefen ya gudana. A 1945 Ma'aikatar Ayyuka ta gwamnati ta buga wani ɗan littafi na A. F. Daldy, yana yi wa injiniyoyi da jami'an Turawa bayanin tubali da azara da makuba da laso, da yadda za su duba aikin magina. A lissafin ma'aikatar, duk waɗannan gine-gine na wucin gadi ne, ana zaune a cikinsu kafin a sami kuɗin siminti. Shekara arba'in da cin ƙasar, mai mulki yana rubuta wa 'yan'uwansa abin da yaron magini ya sani tun yana miƙa tubali.

Ba wai Bature bai sa hannu ba. Nasa hannun yana cikin tsari. Gidan Hausa yana kallon ciki: zaure, shigifa, tsakar gida, bango mara taga ta waje. Ofishin mulki da makaranta kuwa suna kallon waje: ɗakuna a jere a layi ɗaya, baranda doguwa, tagogi manya don haske da iska, fili a gaba don fareti da tuta. An kuma shigo da bulon ƙasa mai kusurwa huɗu da ake zubawa a akwatin katako, da ƙyauren katako mai ƙarfe, daga baya aka riƙa shafa siminti a kan bangon ƙasa ko a ɗora masa kwano. Wanda ya je tsohon ginin Kwalejin Katsina a unguwar Rafukka zai ga haɗuwar biyun: jerin azuzuwa irin na makarantar Ingila, a jikin katangar jar ƙasa irin ta Katsina. A nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da Abubakar Imam suka yi karatu, kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Ko 'yan mishan, da suka tashi gina cocinsu a Wusasa a 1929, ƙasa da azara da bakan Hausa suka nema.

Irin wannan gardama an yi ta a ƙasar Mali, kuma a can kati ya yi aiki sosai. Edmond Fortier, Bafaranshe mai hoto da ke zaune a Dakar, wanda ya buga katuna fiye da dubu uku, ya bi ta Jenne a 1906 ya ɗauki kangon tsohon masallacin garin. Shekara guda bayan haka, a 1907, aka kammala masallacin da duniya ta sani a yau, a ƙarƙashin mulkin Faransa, da aikin tilas. Masana sun daɗe suna ja-in-ja. Labelle Prussin ta ga hannun Faransawa a daidaiton hasumiyoyin uku na fuskarsa, Jean-Louis Bourgeois kuma ya ce a tushensa aikin maginan garin ne, yana kafa hujja da tsofaffin hotunan kangon. Abin da ya fi jan hankalina shi ne sunan shugaban maginan, Isma'ila Tarawure, bai ɓace ba, kuma ba kati ne ya adana shi ba. Ƙungiyar maginan Jenne ce da mutanen gari suka riƙe shi. Haka yake a Zariya: sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya rayu ne a bakin zuriyarsa da unguwar da ke ɗauke da laƙabinsa.

Daga baya abin ya juye, Turawa suka koma kwaikwayo. A babban baje kolin daular Ingila da aka buɗe a Wembley ranar 23 ga Afrilu 1924, an gina wa Nijeriya da maƙwabtanta na Afirka ta Yamma wani gari mai ganuwa, an ba shi launin jar ƙasa da fasalin biranen Arewa, an kawo masu sana'a suna saƙa da ƙira a gaban 'yan kallo. An sayar da katunansa birjik. Ɗaliban Afirka ta Yamma da ke Landan sun fusata da yadda jaridu suka riƙa yi wa mutanen ba'a, kuma wannan fushi yana cikin abin da ya haifar da ƙungiyarsu a 1925 a ƙarƙashin Ladipo Solanke. Faransawa sun yi nasu a Faris a 1931, da wani jan gini mai kwaikwayon masallatan Jenne da Tumbutu, kuma suka zuba siminti a fasalin ƙasa a tashar jirgin Bobo-Dioulasso da babbar kasuwar Bamako. Saboda haka mai sayen kati ya yi hattara: wata ganuwar da yake gani ba a Kano take ba, a bayan Landan aka kafa ta, aka rushe bayan an tashi daga baje koli.

Saura maganar ƙarko. Gaskiyarta ita ce yawancin waɗannan gine-gine ba su yi ƙarkon ba, mun dai ga 'yan kaɗan da suka tsira ne muka yi musu hukunci gaba ɗaya. Ginin ƙasa kamar dabbar kiwo yake, ranar da aka daina kula da shi ranar yake fara mutuwa. Kafin kowace damina sai an duba indararo, an toshe tsaga, an sake yaɓe. Muddin akwai kason gyara a Baitulmali da hannayen da ake tarawa ta wurin dagatai, soro yana tsaye. Da aikin tilas ya ja baya, siminti ya yi araha, aka kuma rushe tsarin En'e aka kawo ƙananan hukumomi a 1976, sai barikokin rangadi da tsofaffin kotuna suka zama marayu. Wasu ruwa ya cinye, wasu aka ture aka dasa bulo. Har masallacin Babban Gwani bai tsira cikakke ba, a shekarun 1970 an rushe wani sashe aka lulluɓe sauran da sabon gini. Wanda ke son ganin kamanninsa na da, sai ya je gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka gina kwafinsa bisa awon da Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya yi. Ginin Kwalejin Katsina ya kai yau ne saboda an sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1959, shekarar da aka sa hasumiyar Gobarau, kuma ana ci gaba da yi masa gyara.

Ina ganin kuskure ne a ci gaba da rataye waɗannan hotuna da sunan ginin Turawa kawai, kamar yadda kuskure ne a ce babu ruwan Bature a ciki. Shi ya ba da umarni ya zana layi. Amma azarar da ke riƙe da rufin, da gwanin da ya san inda za ta karye, da sulallan da aka biya shi, da wuyan da ya ɗauko ƙasar, duk na nan ne, kuma kaso mai yawa daga ƙauyukan da ba a taɓa buga musu kati ba.

Sunayen maginan ba su cikin kati, amma akwai inda ake nemansu. Fayilolin Lardin Katsina, wanda aka kafa a 1934, suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, tare da kiyasin kuɗin En'e na shekara-shekara da rahotannin gundumomi. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina. Sama da duka akwai gidajen Sarkin Magina da tsofaffin da suka yi dakon ƙasa suna yara, waɗanda kullum raguwa suke yi. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ba sa bukatar kuɗin jirgi kafin su fara: su tambayi dattawan Kurfi da Dutsin-Ma da Tamawa inda barikin Di'o yake a da, wa ya gina shi, wa ke yi masa yaɓe, su naɗi muryoyinsu. Wanda kuma Allah ya sa wani tsohon kati ya faɗo hannunsa, idan zai ɗauki hotonsa ya yaɗa, don Allah ya juya shi ya ɗauki bayan ma.